Kafin a mayar da kwamfutar ofis kan tsohon Windows

Sana'ata kula da kwamfutocin ofisoshi ce, kuma cikin buƙatun da suka fi zuwa mini akwai wannan: "Malam, don Allah sauke mini sabon nan, ka mayar mini da Windows 7 ɗina." Wani lokaci akawu ne manhajar lissafinsa ta ƙi buɗewa, wani lokaci sakatariya ce firintarta ta yi shiru tun ranar da aka sabunta na'urar. Kukansu na gaskiya ne, aiki ya tsaya, oga kuma yana jiran takarda. Damuwata ita ce yawancin masu ba da umarnin komawa baya ba su san abin da ke biyo bayansa ba.

Microsoft ya daina yi wa Windows 7 facin tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma ya bi sahu ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi lafiya lau, shi ya sa ake ganin ba komai. Amma duk kafar da ɓarayin intanet suka gano bayan ranar da aka daina facin, a buɗe take zama. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle fayiloli a ƙasashe da dama tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ayyukan tiyata. Tun watan Maris facin ya fito, ba a dai ɗora shi ba. Wanda ya koma Windows 7 yau kuwa, ko yana so ya ɗora, babu facin da zai zo masa. Chrome ma ya tsaya a lamba 109 a kansa tun farkon 2023. Da wannan burauzar ake so a shiga shafin banki a biya albashin ma'aikata?

Komawar kanta ba ta da sauƙin da ake zato. Idan daga Windows 10 aka hau 11, kwana 10 ne kawai ake da su a juya cikin sauƙi, muddin ba a goge jakar Windows.old ba. Bayan nan sai an wanke na'urar gaba ɗaya. Kafin in taɓa komai ina kwashe fayiloli zuwa wani faifai, in buɗe wasu a gaban mai su ya tabbatar, sannan in nemi mabuɗin BitLocker da lasisin kowace manhaja. A nan ake yawan gano cewa wanda ya ɗora manhajar albashi ya bar aiki tuntuni, lasisin kuma yana cikin imel ɗinsa.

Sabuwar kwamfuta kuma ba lallai ta karɓi tsohon tsari ba. Na sha ganin an fara ɗora Windows 7, an zo wurin zaɓen harshe, sai kibod da linzami su mutu, saboda faifan bai san ramin USB 3.0 ba. In an samu an wuce nan, ga matsalar direban intanet da na sauti. Daga nan sai a aiki yaro kasuwa ya sayo filas mai kwafin Windows na bogi, wanda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin bayanan mutane ne a ofis: lambobin asusu, takardun marasa lafiya, sakamakon ɗalibai.

Tambayata ta farko kullum ita ce: mene ne takamaimai ya ƙi aiki? Sau da yawa abu ɗaya ne tak. In firinta ce, sabon direba daga shafin kamfaninta yakan wadatar. In tsohuwar manhaja ce, Windows yana da yanayin da yake tafiyar da ita kamar a tsohon tsari, ko a gina mata kwamfutar cikin kwamfuta ta zauna can ita kaɗai. Kamfanin da bai shirya rabuwa da Windows 10 ba yana iya sayen ƙarin facin tsaro, dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, farashin yana ninkawa duk shekara, iyakarsa shekara uku.

Akwai inda komawar ta zama dole, kamar na'urar gwajin jini da manhajarta ba ta jin komai sai tsohon Windows. A nan kwamfuta ɗaya nake warewa, in zare mata wayar intanet, in toshe ramukan filas, in manna takarda a jikinta cewa ba a duba imel a kanta. Sannan in sa shugaban ofis ya sa hannu kan ranar da za a sake duba batun, a kuma fara tanadin kuɗin sauya na'urar a kasafin shekara mai zuwa.