Jarida a Matsayin Shaida ga Mai Nazarin Harshe

'Yan uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka fara tunanin kundin digiri, ina so mu ɗan tattauna kan wata madogara da muke rainawa, wato jarida. Yawancinmu a wannan sashe ba da Hausa muka tashi ba, a aji muka koye ta. Don haka idan malami ya ce mu kawo hujja cewa ana amfani da wata kalma, ba mu da kaka a gida da za mu tambaya. Sai mu ruga intanet. Ni a ganina kamata ya yi mu fara da jarida.

Ba wai jarida ba ta kuskure ba ne. Mu ɗauki Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, a daidai lokacin da jita-jitar yaƙi da Jamus ta cika gari. Duk wanda ya karanta labaran yaƙin a cikinta ya san ɓangaren Ingila take. Haka ita ma Iwe Irohin da aka fara a Abeokuta a 1859, ɗan mishan Henry Townsend ne ya kafa ta, kuma yana da manufarsa. Kowace jarida da mai ita.

To, ina fifikon yake? Yana ga abu guda: abin da aka buga ya zauna ke nan. Akwai rana, akwai shafi, akwai edita da za a iya kamawa da laifi. Idan jarida ta yi ƙarya a 1945, ƙaryar tana nan yadda aka buga ta, mai bincike zai je Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ko Arewa House ya gani da idonsa. Shafin intanet kuwa ana iya gyara shi cikin dare ba tare da an sanar da kowa ba, ko a wayi gari ya ɓace. Saƙon WhatsApp ya fi muni, don ba a san wanda ya fara rubuta shi ba, balle yaushe.

Wannan kwanan watan shi ne dukiyar mai nazarin harshe. A ce ana son sanin yadda kalmomin kuɗi suka sauya. Jaridun da suka fito kafin Janairun 1973 cike suke da fam da sule da sisi da taro. Bayan nan sai naira ta shigo. Haka kalmomin mulki: En'e ta yi zamaninta, sai gyaran da aka yi a 1976 ya kawo ƙaramar hukuma. Kalmar jiha ma a da ana nufin dukan Arewa da ita, kafin a ƙirƙiro jihohi 12 a 1967. Ƙamus zai ba mu ma'ana, amma jarida ce za ta nuna mana kalmar tana aiki a cikin jimla, a shekara kaza.

Sai dai a kula da wurin da aka tsinko misali. Hausar labaran ƙasashen waje sau da yawa fassara ce daga Turanci, kuma ana jin ƙamshin Turancin a ginin jimlolinta. Ni na fi amincewa da shafin wasiƙun masu karatu, inda Bakano da Basakkwace da Bazazzagi kowa ke rubutu da bakinsa. A nan ake samun karin harshe da karin magana. Talla kuma tana da amfani wajen kalmomin aro.

Akwai inda jarida ba za ta taimake mu ba. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa garin Kano da garin masara suke kama ɗaya a takarda. Wannan aikin kunne ne, sai a koma rediyo, kamar sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957.

Wanda zai tattara misalai daga Aminiya ko Leadership Hausa, ya rubuta sunan jaridar, da rana, da shafi, da jimlar gaba ɗaya, tun kafin ya ajiye ta. Idan a intanet ya karanta, ya ɗauki hoton shafin, ya kuma rubuta ranar da ya buɗe shi.