Amsoshin Tambayoyinku: Masoyan Daredevil da Batun Tuba

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin da gaske masu kallo ne suka dawo da shirin Daredevil bayan an dakatar da shi, kuma me suka gani a cikinsa haka?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Kamfanin Netflix ne ya fara nuna shirin a 2015. Labarin Matt Murdock ne, wani makahon lauya a unguwar Hell's Kitchen ta birnin New York, kuma Charlie Cox ne ya fito a matsayinsa. Da rana yana kotu, da dare ya rufe fuska ya bi miyagu da duka.

Abin da ya kama zukatan jama'a shi ne mutumin ɗan Katolika ne mai tsoron Allah. Sai ka gan shi zaune gaban Fada Lantom, jiki duk rauni, yana tambaya ko abin da yake yi zunubi ne. A zango na uku ya ƙudiri kashe babban abokin gabarsa, Wilson Fisk. Ya kama shi, ya yi masa jina-jina, sannan ya janye hannu. A ganina, nan ne shirin ya fi taɓa zuciya.

Da aka soke shi a Nuwamban 2018, masoya suka tashi da gangamin #SaveDaredevil, suna tara sa hannu a intanet. Kukansu ya yi tasiri, amma sai da haƙƙin mallaka ya koma hannun kamfanin Marvel, mai asalin labarin, tukuna. Shirin ya dawo a watan Maris na 2025 a Disney+, da sunan Daredevil: Born Again.