Game Stick: Gwaji 5 da Ya Kamata a Yi Kafin a Tara 'Yan Gida Wasa

A shagunan kayan waya da kasuwannin intanet yanzu ana yawan ganin wata 'yar ƙaramar na'urar gem mai kama da filashi, wadda ake kira Game Stick. Kwalinta yana ɗauke da manyan alƙawura: 4K, wasanni 10,000 ko 20,000, da hannun wasa guda biyu marasa waya. Kuɗinta bai kama ƙafar na PlayStation ko Xbox ba, shi ya sa magidanta da matasa suke sayenta domin a riƙa ɗebe kewa a gida, yara su rage zaryar gidan gem.

Sai dai yawan wasannin da aka rubuta a kwali ba shi ne ke sa wasan taro ya yi daɗi ba. Abubuwa ne guda biyar: wuta, hannun wasa, saurin amsa umarni, katin memori, da kuma irin wasannin da ke ciki. Wannan darasi zai bi su ɗaya bayan ɗaya, domin mai saye ya gano matsala tun yana da damar mayar da kaya.

Mece ce Game Stick?

Ƙaramar kwamfuta ce da ake sokawa a ramin HDMI na talabijin. A cikinta akwai manhajar kwaikwayo, wato emuleta, wadda aikinta shi ne ta yi kamar ita ce tsohuwar na'urar gem, ta buɗe wasanninta. Da haka ne 'yar sanda ɗaya take buga wasannin NES, Super Nintendo, Sega Mega Drive, Game Boy, PlayStation ta farko, da na manyan akwatunan gem da ake jefa wa kwabo. Masana'antu daban-daban ne suke ƙera ta, galibi a China, saboda haka guda biyu masu kwali iri ɗaya za su iya bambanta a ciki.

Kalmar 4K da ke jikin kwali kada ta ruɗi kowa. Cikakken hoton 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wasan NES kuwa an zana shi ne da ɗigo 256 da 240. Buɗa hoton kawai ake yi ya cika fuskar talabijin, ba ƙara masa kyau ake yi ba.

Haka ma maganar wasanni dubu goma. Super Mario Bros. na 1985 nauyinsa kusan kilobayit 40 ne, bai kai hoto guda da aka ɗauka da waya ba, don haka tara dubbai irinsa a kati abu ne mai sauƙi. Kuma da yawa maimaici ne: wasa ɗaya sai ya fito da na Amurka, da na Turai, da na Japan, da waɗanda aka yi wa kwaskwarima. Don kwatance, Super NES Classic da kamfanin Nintendo ya fitar a 2017 wasanni 21 kacal ta ƙunsa, PlayStation Classic ta 2018 kuma guda 20. Iyali ba za su buga fiye da hakan a kai a kai ba.

Gwaji na 1: Wuta

Na'urar tana aiki da wuta bolt 5 ta wayar USB. Mutane da yawa suna jona ta a ramin USB na talabijin saboda sauƙi, amma ramin USB 2.0 a ƙa'ida miliamfiya 500 yake bayarwa, wato rabin amfiya. Idan wutar ta yi wa na'urar kaɗan, sai ta riƙa mutuwa tana tashi, ko hoto ya riƙa ɗaukewa, ko hannun wasa ya riƙa yankewa, a ɗauka lalacewa ta yi.

A yi amfani da kan caja mai kyau wanda aka rubuta 5V 2A a jikinsa. A kunna wasa mai nauyi na PlayStation, kamar Tekken 3, a bar shi yana gudana na minti talatin. Idan bai tsaya ba, an haye wannan gwaji. A taɓa jikin na'urar a ji zafinta; in ta yi zafi sosai, a yi amfani da gajeriyar wayar ƙarin HDMI da ke zuwa a yawancin kwalaye, a nesanta ta da bayan talabijin, musamman a lokacin bazara.

A gidan da wutar NEPA take wasan ɓuya, ya fi kyau a jona ta a fawa bank. Ko da talabijin ta mutu, na'urar tana nan a kunne har a tayar da janareta, wasa bai ɓace ba, katin memori ma ya tsira daga ɗaukewar wuta ta bagatatan.

Gwaji na 2: Hannun wasa

Wannan shi ne zuciyar wasan taro, kuma nan ne masu ƙera na'urar suka fi tsuke aljihu. Kowane hannu yana cin ƙananan batura biyu samfurin AAA, kuma duka biyun suna magana da na'urar ta wata 'yar makarɓa ta USB a kan zangon 2.4GHz.

A saka sababbin batura, a buɗe Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991, domin yana amfani da maɓallan duka guda shida. A zaɓi wasan mutum biyu, a danna kowane maɓalli a hannu na farko, sannan na biyu. A gwada tsalle gaba da baya da durƙusawa a kusurwa, domin hannu mara kyau a nan yake tona kansa. Daga nan mutum biyu su riƙa danna maɓallai a lokaci guda. Idan umarnin ɗaya yana ɓacewa yayin da ɗayan yake dannawa, to za a sha rigima a gida, kowa yana cewa hannunsa ne bai ji ba.

A ƙarshe a koma daidai inda za a riƙa zama a sake gwadawa. Na'urar Wi-Fi ta gida ita ma tana amfani da zangon 2.4GHz, saboda haka in tana kusa da talabijin a matsar da ita gefe, a kuma bar makarɓar a fili, kada ta ɓuya a bayan talabijin.

Gwaji na 3: Jinkirin amsa

Tsofaffin wasanni suna nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 16.7. Talabijin ta zamani takan riƙe hoton ta gyara launinsa da motsinsa kafin ta nuna, ga kuma jinkirin emuleta da na hannu mara waya. In suka taru, sai mutum ya danna tsalle amma Mario ya riga ya faɗa rami.

Maganin farko kyauta ne: a shiga saitin hoto na talabijin a zaɓi Game Mode, a kashe duk wani saiti na gyaran motsi. Wanda wayarsa take ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, mai hoto 240 a daƙiƙa, zai iya auna bambancin da kansa. Ya ɗauki yatsa da fuskar talabijin tare, ya ƙirga hotunan da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Kowane hoto kusan milisakan 4 ne. A auna kafin kunna Game Mode da bayansa.

Akwai wani sirri a sunayen wasannin. Harafin U a ƙarshen suna yana nufin na Amurka, J na Japan, E kuma na Turai. Tsofaffin wasannin Turai an yi su ne don talabijin mai hoto 50 a daƙiƙa, kuma da yawansu sun fi sauran nawa da kusan kashi 17 cikin ɗari. In akwai zaɓi, a ɗauki mai U: ga sauri, ga Turanci.

Gwaji na 4: Katin memori

Wasannin duka suna kan katin microSD, a yawancin samfura har da manhajar da ke tayar da na'urar. Katunan da ke zuwa a kwali galibi marasa suna ne, masu saurin lalacewa. Ranar da katin ya mutu, na'urar ta zama kwalliya.

Saboda haka tun a ranar farko a kwafi katin. A kashe na'urar, a zare shi, a saka a kwamfuta. Idan Windows ta nemi a yi masa fomatin, a ƙi, domin amincewa zai share komai. A yi amfani da manhajar Win32 Disk Imager, wadda kyauta ce, a ɗauki hoton katin gaba ɗaya a ajiye. In hali ya yi, a sayi kati mai inganci wanda girmansa bai gaza na asalin ba, a gwada shi da manhajar H2testw don tabbatar da cewa ba jabu ba ne, sannan a zuba masa hoton, a adana na asalin.

Gwaji na 5: Wasannin da suka dace da taro

Kafin a miƙa wa yara, babba ya zauna ya tace. Babu wanda ya tantance dubban wasannin nan, kuma a cikin na akwatunan gem akan samu na caca da masu hotunan da ba su dace ba. Mortal Kombat na 1992 ma jini ya yi masa yawa ga ƙananan yara. Yawancin samfura suna da wurin ajiye zaɓaɓɓun wasanni. A zuba guda goma zuwa ashirin a ciki, a ce nan ne iyaka.

Na haɗin gwiwa, inda mutum biyu suke ɓangare ɗaya, sun fi dacewa da wa da ƙani ko uba da ɗa: Contra, Streets of Rage 2 na 1992, Metal Slug na 1996, da Cadillacs and Dinosaurs na 1993, wanda aka fi sani da Mustapha saboda sunan ɗaya daga cikin jarumansa. Na gasa kuwa akwai Super Mario Kart na 1992, Super Bomberman na 1993, Crash Team Racing na 1999, da ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami.

Super Bomberman da Crash Team Racing suna ɗaukar mutum huɗu a na'urorinsu na asali, amma da taimakon wata mahaɗa ta musamman. A Game Stick hannu biyu ne a kwali, kuma ba kowane samfuri ne yake gane na uku da na huɗu ba. Mai son wasan mutum huɗu ya gwada a gaban mai shago kafin ya sayi ƙarin hannu. In bai yiwu ba, dokar gidan gem tana nan: wanda aka cinye ya miƙa hannu. Sai a ƙara mata gyara, wanda ya ci sau uku a jere shi ma ya tashi, don kada gwani ɗaya ya hana ƙannensa taɓawa.

Abin da ya kamata a sani kafin a biya kuɗi

Wasannin da ke cikin irin waɗannan na'urori galibi an kwafe su ne ba da izinin kamfanonin da suka mallake su ba. Wanda wannan ya dame shi yana da zaɓi a na'urori masu lasisi, irin su Mega Drive Mini ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 2019 da wasanni 42, ko da yake sun fi tsada kuma sun fi wuyar samu.

Sannan Game Stick ba ta buga sababbin wasannin ƙwallo na PlayStation 4 ko 5. Wanda ya saya da wannan buri zai yi da-na-sani. Wanda kuma yake neman abin da zai haɗa 'yan gida awa ɗaya bayan an gama aikin makaranta, za ta iya biya masa buƙata, muddin ta haye gwajin nan. A nemi mai shago ya jona ta a gwada hannayen biyu a nan take, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa idan matsala ta ɓullo cikin kwana biyu ko uku. Sauran gwajin a kammala su a daren farko, kwalin da rasit kuma a adana su.