Yara 16 a Kan Dutse: Tarihin Makarantar Waterford Kamhlaba

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana ya san ba a cikin aji ake sanin halin mutum ba. A aji kowa ya yi wanka ya natsu, idon malam yana kansa. Sai an koma ɗakin kwana ake gane mai minshari, da marowaci, da mai kukan kewar gida bayan an kashe fitila, da kuma wanda zai ba ka aron bokiti ba tare da gori ba. Makarantar da za mu yi nazari a kanta a wannan shafi, waɗanda suka kafa ta sun gane wannan sarai. Da ɗakin kwana da teburin cin abinci suka ƙalubalanci wata gwamnati mai ƙarfi.

Sunanta Waterford Kamhlaba. Tana bisa wani dutse a bayan garin Mbabane, babban birnin ƙasar Eswatini, wadda aka sani da suna Swaziland har zuwa shekara ta 2018. Ƙaramar ƙasa ce. Afirka ta Kudu ta kewaye ta kusan ta kowane gefe, in ban da gabas inda ta yi iyaka da Mozambik.

Abin da ya jawo kafa ta

Kafin mu hau dutsen, sai mu fara leƙa Afirka ta Kudu, domin daga can labarin ya taso. A shekara ta 1948 jam'iyyar Turawa masu ra'ayin wariyar launin fata ta hau mulki, ta shiga kafa dokoki ɗaya bayan ɗaya. A 1949 aka hana aure tsakanin Bature da wanda ba Bature ba. A 1950 aka rarraba mutane bisa ga launinsu, aka kuma keɓe wa kowane jinsi unguwar da zai zauna. A 1953 aka raba musu har bencin zama da ƙofar shiga tashar jirgin ƙasa. A wannan shekarar kuma aka yi dokar ilimin baƙar fata, wadda ta ƙwace makarantun baƙaƙe daga hannun mishan ta danƙa wa gwamnati. Ministan da ya kawo dokar, Hendrik Verwoerd, bai ɓoye nufinsa ba. A ganinsa babu amfanin koya wa ɗan baƙar fata lissafi, tun da ba za a bar shi ya yi aiki da shi ba.

Cikin makarantun da dokar ta shafa akwai St Peter's ta ikilisiyar Angalikan a birnin Johannesburg. Ba ƙaramar makaranta ba ce. A nan Oliver Tambo ya yi karatu, ya kuma koyar, kafin ya zama shugaban ƙungiyar ANC. Wani limamin ikilisiya ɗan Ingila, Fada Trevor Huddleston, wanda ya yi suna wajen faɗa da wariya, yana da hannu a sha'anin makarantar. Ta dalilinsa ne wani malami mai suna Michael Stern ya baro Ingila a 1955 ya zo ya shugabance ta. Bai daɗe ba aka rufe ta a 1956. Daga baya aka buɗe wata a gurbinta, St Martin's, ta 'ya'yan Turawa zalla, aka kuma naɗa Stern shugabanta.

Ke nan mutum ɗaya ya riƙe makarantar baƙaƙe da ta farare a fili guda, ya ga da idonsa cewa yaro yaro ne. Bayan kisan Sharpeville a 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69, Stern ya tabbata ba za a taɓa barinsa ya haɗa yaran a aji ɗaya a wannan ƙasa ba. Sai shi da waɗansu abokan aikinsa suka ƙetare iyaka zuwa Swaziland, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila, inda dokokin wariya ba su da iko. Suka sami wata gona a kan dutse da ake kira Waterford. A watan Fabrairu na 1963 aka buɗe makaranta da yara maza 16, baƙaƙe da farare da Indiyawa da ruwa-biyu.

Zaman ɗakin kwana

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin mamaki don yara 16 sun kwana a ɗaki ɗaya? Sai a tuna cewa tafiyar 'yan mintoci a mota daga nan, bayan shingen iyaka, yaran nan ba su da izinin zama a benci guda. Ɗan Bature ya tashi yana ganin baƙin mutum a matsayin mai shara ko mai dafa abinci. Ɗan baƙar fata kuwa ya tashi da sanin cewa ta ƙofar baya ake shiga gidan Bature. Yau ga su gado kusa da gado, suna layin wanka ɗaya, suna miƙa wa juna gishiri a tebur. Wani lokaci ma firifet baƙi ne yake tsawata wa ɗan Bature don bai gyara gadonsa ba. Masu goyon bayan wariya sun yi ta zagin makarantar, suna cewa abin da ake yi a cikinta ya saɓa wa ɗabi'ar ɗan Adam, kuma ba zai ɗore ba.

Kada a ɗauka zama ne na mala'iku. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Yaro ba ya barin abin da ya koya a gida a bakin ƙofar makaranta, yana zuwa da shi cikin akwatinsa tare da bargo da sabulu. Amma makarantar kwana tana da wani abu da makarantar jeka-ka-dawo ba ta da shi: ba inda za ka gudu. Wanda kuka yi cacar baki da shi da rana, shi ne a gefenka da dare, gobe kuma ƙungiyarku ɗaya a filin ƙwallo. Raini ba ya jure irin wannan kusanci na tsawon shekara biyar, musamman idan wanda ka raina shi ne yake fin ka maki a lissafi.

Wahala ma ta taimaka. A shekarun farko gine-gine kaɗan ne, kuɗi kuma babu. Wani mashahurin mai zanen gini da ke zaune a Mozambik, Pancho Guedes, shi ya zana fasalin makarantar, amma ɗalibai da malamai sun sa hannu a aikin ginin da gyaran fili. Ga kuma sanyi. Wurin tudu ne mai yawan hazo, kuma da yake ƙasar tana kudancin duniya, lokacin da muke tsakiyar damina a Yuni da Yuli su a lokacin suke tsananin ɗari. Don haka ma shekarar karatunsu take farawa a Janairu ta ƙare wajen ƙarshen shekara.

A 1967 Sarki Sobhuza na Biyu ya ziyarci makarantar ya ƙara mata suna Kamhlaba. A harshen Siswati kalmar tana nufin abin da yake na ƙasa, ko na duniya. Bayanin da sarkin ya yi shi ne, ƙasar da muke takawa ba ta tambayar launin mai taka ta. Swaziland ta sami 'yancin kai a 1968, a 1969 kuma aka fara karɓar 'yan mata. Stern ya sauka daga shugabanci a 1973.

'Ya'yan fursunoni

Abin da ya fi taɓa zuciyata a tarihin makarantar nan shi ne irin yaran da suka samu mafaka a cikinta. An yanke wa Nelson Mandela ɗaurin rai da rai a 1964, lokacin da 'ya'yansa mata Zenani da Zindzi ba su wuce shekara biyar da uku ba. Duk makarantar da aka sa su a Afirka ta Kudu sai jami'an tsaro su matsa har a kore su. Daga bisani aka kai su Swaziland, suka fara da wata makarantar sistoci, sannan suka koma Waterford. Uwarsu Winnie tana ƙarƙashin dokar hana fita, saboda haka ba ta iya kai musu ziyara. A 1969 ma aka tsare ta fiye da shekara guda. Mu da muke ƙirga kwanaki kafin ranar ziyara, mu yi tunanin ɗalibar da ta san ba mai zuwa, idan an yi hutu kuma ba lalle ta tarar da kowa a gida ba.

'Ya'yan Bishop Desmond Tutu sun yi karatu a can, haka ma Lindiwe, 'yar Walter Sisulu wanda aka ɗaure tare da Mandela. Akwai kuma Ian Khama, wanda ubansa Seretse Khama ya sha gudun hijira saboda ya auri Baturiya a 1948. Shi Ian ya zama shugaban ƙasar Botswana daga 2008 zuwa 2018. A ɗakunan kwana ɗaya da su akwai 'ya'yan Turawa, waɗansu iyayensu masu adawa da wariya ne, waɗansu kuwa ingancin karatun kawai ya kawo su.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya. Waterford ba ita ta kawar da wariya ba. Makaranta ce mai tsada, ko da yake tun farko an yi ta neman gudunmawa domin biya wa marasa hali. Yara 'yan ɗaruruwa ne suke cikinta, alhali miliyoyi suna can cikin azuzuwan da Verwoerd ya tsara musu. Ɗaliban Soweto da suka fito zanga-zanga a 1976 aka buɗe musu wuta, ba su taɓa ganin ƙofar Waterford ba. Abin da ta yi shi ne ta ƙaryata da'awar gwamnati cewa haɗa jinsuna ba zai yiwu ba, kuma a bakin ƙofar gwamnatin ta yi hakan, shekara bayan shekara, ga sakamakon jarrabawa mai kyau a matsayin shaida.

Bayan faɗuwar wariya

A 1981 makarantar ta shiga ƙungiyar makarantun duniya da ake kira UWC, wadda ta faro a 1962 da wata kwaleji a yankin Wales bisa ra'ayin wani malami Bajamushe, Kurt Hahn. Manyan ɗalibai suna shekara biyu suna shirin jarrabawar IB. Kowa yana ɗaukar darussa shida, ya rubuta dogon bincike na kalmomi 4,000, kuma dole ya yi aikin taimakon jama'a kafin a ba shi takardar shaida.

Da aka yi zaɓen 1994 Mandela ya zama shugaban ƙasa, dalilin farko na kafa makarantar ya kau. Sai ta buɗe ƙofa sosai ga sauran Afirka da duniya. Yanzu tana da ɗalibai sama da 600 daga ƙasashe masu yawa, har da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Gidajen kwananta suna da sunayen Siswati: ƙanana suna Ekukhuleni, wato wurin girma, na tsakiya suna Esiveni, manya kuma suna Emhlabeni da Elangeni. Bambancin da ake fama da shi a ɗakin kwana ya sauya kama. Yau ya fi zama tsakanin ɗan mai kuɗi da wanda ake biya masa, ko tsakanin wanda ya zo da Turanci a bakinsa da wanda zai kwashe zangon farko yana kame-kame.

Aikin taimakon jama'a kuwa ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Eswatini tana cikin ƙasashen da cutar ƙanjamau ta fi yi wa ɓarna a duniya, ta bar marayu da yawa. Kowane mako ɗalibai sukan sauko daga dutsen zuwa Mbabane da ƙauyukan kewaye, su koya wa yara karatu, su yi wasa da marayu da naƙasassu, su taimaka a asibiti, sannan motar makaranta ta komo da su kafin ƙararrawar abincin dare.