Ɗana, Ka Bar Takalminka Ya Sha Iska

Ɗana, matso kusa, domin maganar da zan yi maka ba ta cikin taro ba ce. Jiya da muka fito daga sallar Magariba na ga ka tsaya nesa da ƙofar masallaci kana jiran mutane su watse kafin ka ɗauki takalminka, kuma na san dalili. Kada ka ji kunya. Wanda duk ya sha ranar Dutse a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 duwatsun garin nan suna mayar da shi kamar tanda, ya san abin da ƙafa ke yi wa takalmi.

Gumi shi kaɗai ba ya wari. Ƙafa tana cikin sassan jikin da suka fi zufa, to idan zufar ta haɗu da ƙura da matacciyar fatar kaushi, sai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su samu abinci, su ne ke haifar da ɗoyin. Abin da suke so danshi ne, mu kuwa sau biyar a yini muke wanke ƙafa, saboda haka idan ka idar da alwala ka zura ƙafa a jiƙe kana sauri, ka shayar da su kenan. Ka tsaya kaɗan, ɗana, ka tsane tsakanin yatsu, domin nan ne ruwa ke ɓuya.

Silifa da takalmin roba ba su da wuya: ruwa, omo, tsohon buroshi, ka goge har cikin lungun maɗauri, ka shanya a rana. Na fata ne ke son lallashi. Majema sun wahala da bagaruwa kafin fatar nan ta yi laushi, baduku ya zauna ya ɗinka, don haka kada ka tsoma shi a ruwa, kada kuma ka bar shi a ranar tsaka, domin zai bushe ya tsattsage. Ka goge shi da ƙyalle mai ɗan danshi, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Da dare ka barbaɗa masa tokar murhu wadda ta huce aka tankaɗe, da safe ka kakkaɓe. Haka iyayenmu suka yi, tokar tana tsotse laima. Turare kuwa, Allah ya shirya, na ga yara suna fesa shi a kan wari, sai abin ya zama biyu.

Idan Allah ya hore maka, ranar da ka shiga kasuwar Shuwarin ka ƙara ƙafa ɗaya ko mai araha ce, yau wannan gobe wancan, musamman da damina da fata ke kwana ba ta bushe ba. Ka riƙa goge kaushi da dutse, ka yanke farce. In kuma ka ga tsakanin yatsunka ya yi fari yana saɓulewa da ƙaiƙayi, wannan ya wuce aikin toka, ka je asibiti a ba ka magani, balle mai ciwon suga, wanda ƙaramin rauni a ƙafa kan zame masa babba.

Tashi ka ɗauko min na ƙafarka in duba maɗaurin, ka ce wa innarka ta ɗebo mana toka kafin a kira Isha'i.