Darasi Na 14: Ranar Haihuwar Kaka a Birnin Rum

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. karanta labari tare da fahimtar saƙonsa;
2. amfani da kalmomin da suka shafi tafiya da girki;
3. ba da umarni cikin ladabi ta amfani da "a" da "kada a";
4. kwatanta al'adun cin abinci na ƙasashe biyu.

Gabatarwa

Italiya ƙasa ce da ke kudancin nahiyar Turai. Teku ya kewaye ta ta ɓangare uku. Babban birninta shi ne Rum, wanda kogin Tiber ya ratsa. Sunan kuɗin ƙasar yuro. Labarin da ke tafe, wani ɗalibi ne yake ba da shi game da hutun da ya yi a can tare da kakarsa.

Karatu

A lokacin dogon hutu na raka kakata zuwa Italiya. Kawuna ne ya gayyace mu. Shi ne ɗanta na fari, yana aikin injiniya a birnin Rum, kuma shekara tara ke nan rabon da su ga juna. Saboda alkunya irin ta Hausawa, Kaka ba ta faɗin sunansa, "wannan yaron" take cewa. Da ya tarye mu a filin jirgin sama, ya durƙusa ya gaishe ta. Ita kuwa ta kawar da kai ta ce, "Mun same ku lafiya?" Ni dai da yake jikanta ne namiji, "Maigida" take kirana, kullum muna cikin wasa.

Ashe Kawu yana da wata niyya. A fasfon Kaka an rubuta cewa an haife ta ranar 15 ga Agusta, 1960, don haka yana so ya shirya mata bikin cika shekara 65. Da ya gaya mata, sai ta yi dariya ta ce, "Ni abin da na sani, da damina aka haife ni, gero ya fara fitar da kai, a shekarar da muka sami 'yancin kai. Ranar kuwa, malamin da ya cike takarda ne ya zaɓa. Mu a zamaninmu bikin suna muka sani da na aure."

Kawu ya ce, "Hajiya, walima ce kawai, ta godiya ga Allah da ya ja da ranki."

Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Kafin ranar ta zo, Kawu ya zaga da mu gari. Muka fara da Kolosiyum, wani makeken filin wasa da aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, zamanin Sarki Titus. Yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000, waɗanda suke taruwa don kallon faɗa tsakanin mayaƙa, ko tsakanin mutum da namun daji. Kaka ta shafa bangon ta ce, "Ganuwar Kano ta ƙasa ce, ruwan sama yana cin ta. Tasu ta dutse ce, ta tsaya. Amma ina maginan? Duniya ke nan!"

Muka je maɓulɓular ruwa ta Trevi, wadda aka gama ginawa a shekarar 1762. Muka ga baƙi suna jefa tsabar kuɗi a cikin ruwan. Kaka ta tambayi wanda yake kwashewa. Kawu ya ce ana tara kuɗin ne a ba wata ƙungiya mai taimakon mabukata. Ta ce, "In sadaka ce, ba laifi," ta miƙo mini kwabo ɗaya na jefa. Muka kuma ziyarci Batikan, mazaunin Paparoma, ƙasar da ta fi kowace ƙanƙanta a duniya, domin faɗinta bai wuce hekta 44 ba. Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995. Sai dai abin da ya fi burge Kaka shi ne ƙananan famfunan ƙarfe na bakin titi, masu zubar da ruwan sha mai sanyi dare da rana. Ta ce garin da yake shayar da baƙo kyauta bai rasa mutanen kirki ba.

Duk da wannan yawo, hankalin Kawu bai kwanta ba, domin Kaka ta ƙi cin abinci. Kwana biyar ba ta ci komai ba sai burodi da shayi. Tana tsoron naman alade, kuma tsoron nata yana da dalili, saboda wasu shahararrun abincin Rum da shi ake yin su. Kawu ya bayyana mata cewa mai hankali yakan tambaya kafin ya ci, kuma akwai abinci iri-iri da babu nama a cikinsu. Ya sa aka kawo mata taliya da cuku da masoro. Ta ɗanɗana ta ture kwanon, ta ce, "Ba ta nuna ba." Mutanen Italiya ba sa barin taliya ta yi laushi sosai, sun fi son ta da ɗan ƙarfi a haƙori. Kaka ta fara ramewa, har ta soma tambayata saura kwana nawa mu koma gida.

Ana gobe biki sai ga wata matsalar. Ranar 15 ga Agusta ranar hutu ce a duk faɗin Italiya, ana kiranta Ferragosto. Mutanen birni sukan rufe shaguna su tafi bakin teku ko kan duwatsu. Kawu ya shagala da hidimarmu, bai nemi wuri da wuri ba. Da ya je gidan abincin da ya amince da shi, ya tarar sun rufe sai ƙarshen wata. Ya dawo jiki a sanyaye.

A kan matakala ya haɗu da maƙwabciyarsa, wata tsohuwa da yaran gidan suke kira Nonna, wato kaka da harshen Italiyanci. 'Ya'yanta sun tafi hutu, ita kaɗai ta rage. Da ta ji abin da ya faru, ta ce ai abincin biki a gida ake yin sa. Nan da nan muka nufi kasuwar Esquilino, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda ake sayar da kayan abincin Afirka da na Asiya. Muka sayo fulawa da ƙwai da tumatir da manja da kajin da aka yanka bisa ƙa'idar Musulunci.

Da safe Nonna ta shigo da wata doguwar sanda mai kama da muciya. Ta tara fulawa a kan tebur, ta fasa ƙwai a tsakiya, ta fara kwaɓawa. Kaka tana zaune tana kallo. Can sai ta miƙe, ta wanke hannu, ta kwaɓa nata da ruwa da gishiri. Ta gutsuri kwaɓin ta murza da tafin hannu, sai ga taliya siririya kamar zare. Nonna ta riƙe baki. Babu mai jin harshen wani a cikinsu, amma kafin hantsi wannan tana nuna wa waccan, suna ta dariya. Nonna ta yi miyar tumatir da man zaitun da tafarnuwa da wani ganye dangin ɗoɗɗoya. Kaka ta soya manja da albasa, ta fito da yajin da ta zo da shi daga Kano.

Da yamma muka zauna cin abinci. Nonna ta ci taliya da manja da yaji, hawaye yana zuba saboda zafin barkono, amma ta nemi ƙari. Kaka kuwa ta cinye ta Nonna tas, bayan ta sa an ƙara mata minti biyu a wuta. Sai Nonna ta ce a al'adarsu akan ja kunnen mai biki sau ɗaya a kan kowace shekara. Na miƙe na ce, "Kaka, yau zan ja miki kunne sau 65!" Ta ce, "Maigida, tun da nake ban taɓa jin yaro ya ja wa babba kunne ba. Zauna kafin ni in ja naka."

Bayan an lafa da dariya, Kawu ya gaya wa Nonna cewa da sana'ar wannan taliya mahaifiyarsa ta biya masa kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinsa. Ya ce shekara tara bai ɗanɗana ta ba. Kaka ba ta tanka ba. Ta ɗauki cokali ta ƙara masa, ta tura kwanon gabansa, ta dube shi ta ce, "Ci, ka rame. Allah ya yi maka albarka." Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Amin, Hajiya." Ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba sai ranar.

Ranar da za mu dawo, Nonna ta ba Kaka sandar murjinta, Kaka kuma ta bar mata sauran yajin.

Yadda Ake Yin Taliyar Ƙwai ta Italiya

Kayan haɗi, don mutum huɗu: fulawa giram 400, ƙwai 4, gishiri kaɗan.

1. A tankaɗe fulawa a kan tebur mai tsabta, a yi rami a tsakiya.
2. A fasa ƙwai a cikin ramin, a kwaɓa na minti 10 har kwaɓin ya yi santsi.
3. A rufe shi, a bar shi ya huta na minti 30.
4. A murza shi da sanda har ya yi faɗi, ya zama shara-shara.
5. A barbaɗa fulawa, a naɗe shi, a yanka siri-siri da wuƙa.
6. A tafasa ruwa mai yawa, a sa gishiri, a zuba taliyar.
7. Kada a bar ta ta wuce minti 3 a wuta. A tsame, a haɗa da miya.

Ma'anar Kalmomi

- alkunya: kauce wa faɗin suna ko nuna ƙauna a fili saboda girmamawa
- walima: taron cin abinci don murna ko godiya
- makeke: mai girma da faɗi ƙwarai
- maɓulɓula: wurin da ruwa yake fitowa yana tashi sama
- cuku: abincin da ake yi da daskararriyar madara
- masoro: ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu ɗan yaji da ƙamshi
- hantsi: lokacin da rana ta ɗaga, kafin tsakar rana
- kwaɓa: haɗa gari da ruwa ko ƙwai har su game
- tsame: fitar da abu daga cikin ruwa

Nahawu: Umarni da Hani

Idan ana ba mutum ɗaya umarni kai tsaye, akan ce: *Zauna! Ci!* Idan kuwa ba a nufin wani mutum takamaimai, ko ana son nuna ladabi, akan fara da "a": *A zauna. A rufe ƙofa.* Wannan siga ce ake amfani da ita wajen bayanin girki da sanarwa. Wajen hani kuma akan sa "kada" a farko: *Kada a zauna. Kada a rufe ƙofa.*

Mai da waɗannan jimloli zuwa hani:

1. A fasa ƙwai.
2. A jefa kuɗi a ruwa.
3. A ƙara gishiri.
4. A tsame taliya yanzu.

Salon Magana

"Jan kunne" a Hausa yana nufin gargaɗi, kuma babba ne yake yi wa ƙarami. A Italiya kuwa wasa ne na ranar haihuwa. Wannan bambanci ne ya sa maganar jikan ta ba da dariya. Haka nan "jiki a sanyaye" yana nufin karayar zuciya, "riƙe baki" kuma mamaki.

Tambayoyi

1. Me ya sa Kaka ba ta faɗin sunan Kawu?
2. Yaya Kaka take gane shekarar haihuwarta?
3. Ambaci wurare huɗu da suka ziyarta a Rum.
4. Kawo dalilai biyu da suka hana Kaka cin abinci.
5. Me ya hana a yi bikin a gidan abinci?
6. Ta yaya Kaka da Nonna suka fahimci juna?
7. Me ya sa Kawu ya sunkuyar da kai?
8. Hausawa suna cewa, "Zumunta a ƙafa take." Nuna yadda labarin ya dace da wannan karin magana.

Aikin Gida

1. Rubuta yadda ake dafa wani abinci na ƙabilarku cikin jimloli takwas. Kowace jimla ta fara da "a" ko "kada a".
2. Tambayi wani dattijo a gidanku yadda yake gane shekarunsa, ka rubuta amsarsa da Hausa cikin sakin layi ɗaya.