Amsar Tambaya: Me ya sa Python ke jefa Ƙaura can ƙarshe?

Tambaya: Malam, ina koyon Python. Na jera sunayen garuruwa, ["Zariya", "kano", "Ƙaura", "Bauchi"], na sa sorted(), sai Zariya ta riga kano, Ƙaura kuma ta koma ƙarshe. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Python ba ta san abacada ba, lambar kowane harafi take dubawa a tsarin Unicode. Babban Z lambarsa 90, ƙaramin k 107, shi ya sa Zariya ta shige gaba. Maganin wannan mai sauƙi ne: sorted(garuruwa, key=str.lower).

Ƙaura ce ke da aiki. Lambar Ƙ 408 ce, nesa da z, haka ma ɗ da ɓ suna can baya. Sai ka nuna mata hanya da kanka:

key=lambda s: s.lower().replace("ƙ", "k~")

Alamar ~ lambarta 126, ta wuce z, don haka Ƙaura za ta zauna daidai bayan duk sunayen da suka fara da k. Sunan kansa ba zai canja ba, wajen gwadawa kawai ake musanyar. Yi wa ɗ da ɓ haka.

Kuma don Allah kada ka rubuta garuruwa = garuruwa.sort(). None zai dawo maka, jerin naka ya salwanta.